Hukuncin Tuƙin Tasi a Lokacin Annoba

Tambaya: Malam, ni direban tasi ne a birni. Motar ba tawa ba ce, kullum ina kai wa mai ita balas. Idan annoba ta ɓarke irin ta korona, ya halatta in fita aiki? Wasu na cewa jefa kai ne cikin halaka, wasu kuma na cewa zama a gida ƙarancin tawakkali ne.

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ka sani, ɗan'uwa, neman halal don ciyar da iyali wajibi ne a kanka, kuma annoba ba ta mayar da sana'arka haram ba. Likita da mai naƙuda da mai sayo abinci duk suna bukatar wanda zai kai su. Amma masu cewa kiyayewa ƙarancin tawakkali ne, waɗannan sun yi kuskure. Lokacin da annoba ta sauka a Sham, wadda aka sani da annobar Amwas, Sayyidina Umar ya kai Sarg ya juya da jama'arsa zuwa Madina. Da Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa komawar ma da ƙaddarar Allah take. Babu wanda zai ce ya fi Umar dogaro ga Allah.

To, ka fita, amma da sharuɗɗa, domin rayukan da ke cikin motar amana ne a wuyanka. Korona ta numfashi take yaɗuwa, tasi kuwa ɗan ƙaramin ɗaki ne da mutane ke shaƙar iskar juna. Ka sauke gilashi, ka sa takunkumi, ka wanke hannu bayan karɓar kuɗi, kada ka cusa mutum huɗu a baya biyu a gaba idan hukuma ta rage adadi. Dokar da aka sa don kare rayuka, bin ta na cikin ɗa'ar da shari'a ta yi umarni da ita, ko da babu jami'i a hanya.

Inda abin ya fi nauyi shi ne ranar da kai kanka ka tashi da zazzaɓi da tari, ko ka daina jin ƙanshi, ga gida babu cefane. A nan hukunci ya sauya: bai halatta ka ɗauki fasinja ba. Annabi (SAW) ya hana a kai raƙuma marasa lafiya cikin masu lafiya. Ya kuma aika wa wani kuturu da ke cikin tawagar Saƙif cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma, ba tare da an haɗa hannu ba. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Umar ya umarci wata kuturwa da ta bar ɗawafi ta zauna a gida don kada ta cutar da mutane. Idan an bar ɗawafi saboda haka, ina ga aikin yini guda? Tsohuwar da ta shiga motarka ba ta san halin da kake ciki ba, da ta sani da ba ta shiga ba. Ɓoye mata yaudara ce. Na san yunwa ba ta jira, amma maganinta rance ne, ko taimakon 'yan'uwa da ƙungiyarku ta direbobi. Direban da aka tsayar ya rasa abin ci ya cancanci zakka, kuma masu hali su nemo shi da kansu, don irinsa ba ya iya roƙo.

Sai maganar balas. A ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Legas da Abuja, sannan Ogun ta biyo baya, Kano ma ta shiga azumin 1441 a kulle. Motoci sun yi makonni a ajiye. Yarjejeniyarka da mai mota haya ce, haya kuwa kuɗin amfani ne. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halil, sun ƙirga umarnin mai mulki na rufe shaguna cikin abubuwan da ke warware haya. A kan wannan, ranakun da hukuma ta hana fita gaba ɗaya babu balas a kanka. Ranakun da aka bari a fita amma kasuwa ta mutu, balas ɗin yana nan, sai dai Alƙur'ani ya umarci mai bin bashi da ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma nuna yafewa ta fi. Ku zauna ku daidaita tun kafin kwanaki su taru.

Ƙarin kuɗin mota gwargwadon kujerun da aka rage maka babu laifi, matuƙar ka faɗa kafin a shiga. Amma ka ga mai ɗauke da mara lafiya da dare, ka san babu wata mota, ka ninka masa sau uku, wannan cin gajiyar wanda ya matsu ne.

Shi mara lafiyan kuwa, kai shi asibiti aikin lada ne. Ka ɗauke shi shata, shi da mai jinyarsa kaɗai, su zauna a baya, gilashi a sauke, sannan ka goge kujeru da hannun ƙofa kafin wani ya shiga. Idan kai mai shekaru ne, ko kana da ciwon suga ko asma, babu zunubi ka nemo masa wani direban.

Allah ne mafi sani.