Hoton Baya a Shafin Intanet: Misali daga Mai Wurno

1.0 Gabatarwa

Mai Wurno gari ne a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sannar, a ƙasar Sudan. Ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas bayan faɗuwar mahaifinsa a Burmi a 1903. Ana jin Hausa da Fulatanci a garin, karatun makaranta kuwa da Larabci ake yi. Don haka shafin da zai ba da tarihinsa yana buƙatar boko da haruffan Larabci. Wannan takarda za ta nuna yadda ake sa wa irin wannan shafi hoton baya ba tare da an cuci rubutun ba.

2.0 Ma'anar Hoton Baya

Hoton baya shi ne hoton da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin rubutu. Ana sarrafa shi da CSS, wato ƙa'idojin salon shafi, waɗanda Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994, hukumar W3C kuma ta amince da su a 1996. Da umarnin background-image ake kiran hoton, da background-color kuma ake zaɓen launin da ke ƙarƙashinsa.

3.0 Abubuwan Lura

3.1 Launi. Lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ ƙarama ce, amma ita ke raba "baki" da "baƙi". Haka ɗigo ke raba ب da ت. Hoto mai tarkace, kamar na kasuwa ko gonar dawa, yakan haɗiye waɗannan alamomi. Ƙa'idar WCAG ta 2008 ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Baƙi a kan fari yana ba da 21 bisa 1.

3.2 Alƙiblar rubutu. Boko daga hagu yake farawa, Larabci da ajami daga dama. Idan aka juya alƙiblar shafi, rubutu kan koma dama, amma hoton baya ba ya juyawa da kansa. Hoton masallacin da aka ajiye a dama don kauce wa boko sai ya faɗa ƙarƙashin farkon layukan Larabci. Maganin haka shi ne a ba kowane rubutu nasa salon.

3.3 Nauyi. Babban hoto yana cin data, yana kuma jinkirta buɗewa a ƙaramar waya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya raunana sadarwa, har layuka suka katse a yawancin ƙasar a Fabrairun 2024. Wanda ya sa farin rubutu a kan hoto mai duhu, bai zaɓi launi mai duhu a ƙarƙashi ba, in hoton ya ƙi saukowa, mai karatu farin fili kawai zai gani.

3.4 Bayani. Manhajar da ke karanta wa makafi shafi ba ta ganin hoton baya. Saboda haka taswirar hanyar hijira ko hoton tsohuwar wasiƙa cikin shafin ake sa su, tare da bayaninsu a rubuce.

4.0 Kammalawa

Hoton baya ado ne, rubutu shi ne saƙo. Kafin ɗalibi ya miƙa aikinsa, ya cire hoton ya duba shafin, da boko da kuma ajami. In ya karantu, aiki ya yi.