Helston: Garin da Motar Safa ta Gāji Jirgin Ƙasa

A can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, cikin yankin Cornwall, akwai wani ƙaramin gari mai suna Helston. Daga nan ne hanya ta miƙe kudu, tafiyar mil 11 ko kusa da haka, zuwa ƙauyen Lizard, inda ƙasar Birtaniya ta yi iyaka da teku ta fuskar kudu. A kan wannan 'yar hanya aka buɗe wani babi na tarihin sufuri a ƙasar.

A shekarar 1887 layin dogo ya iso Helston, ya kuwa tsaya a nan. Mazauna ƙauyukan da ke kudu da garin, manoma da masunta, sai dai su shiga keken doki ko su taka da ƙafa kafin su riski jirgi. An yi shawarar a ja layin har zuwa Lizard, amma da aka yi lissafi aka ga aikin zai ci fam 85,000, sai kamfanin jiragen ƙasa na Great Western ya ja da baya. Ya sayo motocin safa guda biyu ƙirar Milnes-Daimler, waɗanda suka taɓa aiki a yankin Devon, ya ɗora su a kan hanya ranar 17 ga Agusta, 1903. Wannan na daga cikin karo na farko da wani kamfanin jirgin ƙasa ya gudanar da jigilar fasinja da mota a Birtaniya.

Aikin motocin a lokacin shi ne su kwaso mutane daga ƙauyuka su kawo wa jirgi, su kuma kai baƙi masu yawon buɗe ido bakin teku. Da kamfanin ya ga riba, bai daɗe ba ya buɗe irin waɗannan hanyoyi a Penzance da Slough da wasu garuruwa. A 1929 ya miƙa motocinsa na wannan yanki ga wani sabon kamfani, Western National, wanda yake da hannun jari a ciki.

Sannu a hankali bara ya zama maigida. Motar safa tana bi ta ƙofar gida, jirgi kuwa sai an je masa tasha. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma jama'a suka shiga sayen motocin kansu, fasinjojin jirgi suka yi ta raguwa. A watan Nuwamba na 1962 aka daina ɗaukar fasinja a layin Helston, a 1964 aka daina ɗaukar kaya. Tun daga lokacin, duk wanda ba shi da mota a wannan yanki, motar safa ce ƙafarsa.

Sai dai ciwon da ya kashe jirgin bai ƙyale motocin ba. A 1969 Western National ya shiga ƙarƙashin kamfanin safa na gwamnati. Gwamnatin Margaret Thatcher ta zo da dokar sufuri ta 1985, wadda ta fara aiki a watan Oktoba na 1986, ta buɗe ƙofa ga duk mai mota ya yi gasa a kan hanyoyin da ke wajen Landan, aka kuma sayar da Western National ga 'yan kasuwa a 1987. A manyan birane gasa ta yi zafi. A ƙauye kuwa, inda mota kan yi tafiyar sassafe ko ta dare da kujeru a wofi, musamman lokacin hunturu da baƙi suka watse, ɗan kasuwa ba ya ganin abin da zai kai shi. Irin waɗannan tafiye-tafiye sai hukumar yanki ta biya tallafi kafin a yi su.

Da haka ragama ta fara komawa hannun hukuma. A 2020 majalisar yankin Cornwall ta ba kamfanin Go Cornwall Bus kwangilar shekara 8 ta gudanar da hanyoyin da take tallafa wa. A 2022 aka rage kuɗin mota a yankin da taimakon gwamnatin tsakiya, a farkon 2023 aka ƙayyade kuɗin tafiya ɗaya a Ingila kan fam 2, kana aka ɗaga shi zuwa fam 3 a farkon 2025.

Tambayar da ta sa aka fasa shimfiɗa layin dogo a 1903 ita ce har yau ake yi: wa zai biya kuɗin kai mutane kaɗan wuri mai nisa? Amsarta ce take yanke hukuncin ko ɗalibin da ke Lizard zai isa makaranta a kan lokaci, ko kuma tsohuwar da ta daina tuƙi za ta sami ganin likita a Helston ta koma gida kafin dare.