Sayen Keken Lantarki Mai Faffaɗar Taya Ta Intanet: Batir Ne Abin Dubawa

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ababen hawa masu aiki da lantarki suka ƙara jan hankalin 'yan kasuwa. Daga cikinsu akwai keke mai faffaɗar taya, wadda faɗinta kan kai inci 4, mai iya ratsa yashi da hanya mai gargada.

Akasarin masu rahusa da ake tallatawa ta intanet ƙirar ƙasar Sin ne, kuma sau da yawa a wajen batir ake rage tsadar. Ana gane yawan wutar da batir ke ajiyewa ta ninka bolt da amfiya-awa: mai bolt 48 da amfiya-awa 13 yana ajiye wat-awa 624. Nisan tafiyar da ake rubutawa a talla galibi na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne. Yashi, hawa da nauyin kaya duk suna rage shi.

Batirin litiyam marar inganci yana iya kamawa da wuta. Saboda haka ne birnin New York na Amurka ya hana sayar da keken da bai cika ƙa'idar UL 2849 ba a shekarar 2023. Haka nan ana lissafa batirin cikin kaya masu haɗari, abin da ke ƙara kuɗin jigila, ban da kuɗin fito na kwastan.

Kafin biyan kuɗi, wajibi ne mai saye ya nemi garanti a rubuce, ya kuma tabbatar ana samun batir, caja da taya na canji a kasuwannin gida. In babu su, keken ajiya zai zama. Araha ba ta ado.