Ayari: Yadda Fatake Suke Haɗa Kai a Hanyar Fezzan

Sabha ita ce babban birnin yankin Fezzan da ke kudu maso yammacin Libiya. Tana da nisan fiye da kilomita 600 daga Tarabulus. A ƙarni na 19 babbar kasuwar yankin tana Murzuk, kudu da Sabha. A Murzuk hanyar kudu take rabuwa biyu. Ɗaya ta bi ta Bilma zuwa Kukawa ta Barno, ɗaya kuma ta bi ta Gat da ƙasar Azbin da Damagaram har Kano. Daga Kano ana kai tufafin rini da jemammun fatu da gashin jimina da hauren giwa, har da bayi, domin cinikin mutane yana cikin wannan fatauci. Daga arewa kuma ana kawo takarda da alharini da madubai da turare. Larabawan da suke wannan ciniki suna da unguwa a Kano, Dandalin Turawa, saboda a da su ake kira Turawa.

Tafiyar takan ɗauki watanni, kuma mutum ɗaya ba ya yin ta. Shi ya sa fatake suke taruwa su zama ayari.

Kowa da aikinsa

Shugaban ayari shi ne madugu. Kalmar ta bazu har ga Buzaye, waɗanda suke kiran jagoran ayarin gishiri na Bilma da wannan suna. A ayarin Hausawa, musamman na fataken goro masu zuwa Gwanja, madugu yana da mataimaka. Jagaba yana wucewa gaba ya duba hanya, ya nemi wurin yada zango. Uban dawaki yana tara kuɗin da za a biya sarakunan da aka ratsa ƙasarsu. Malami yana duba ranar tashi, yana addu'a, yana rubuta lissafi. Makaɗi kuma da gangarsa yake sanar da mutane lokacin ɗaura kaya. A cikin hamada akwai wani mutum da ba a tafiya sai da shi, wato ɗan jagora wanda Larabawa suke kira habir. Shi ya san rijiyoyi, da taurari yake gane hanya idan dare ya yi.

Amfanin wannan rabo shi ne kowa ya san abin da ake jira daga gare shi. Idan jagaba ya yi sakaci, ayari duka ne zai kwana babu ruwa. Kafin a tashi ana shawara, mai magana ya faɗi tasa. Amma da zarar madugu ya yanke, gardama ta ƙare, domin tsayawa musu a tsakiyar rairayi ɓarnar ruwa ne.

Talakan ayari

Wanda ba shi da muƙami shi ma yana da nasa nauyin. Mutum ɗaya ba ya iya ɗora wa raƙumi kaya cikin sauƙi, sai ɗaya ya tsaya a dama, ɗaya a hagu, don kada kayan su karkace. Raƙuma kuwa a jere suke tafiya, akalar wannan a ɗaure da na gabansa, saboda haka saurin ayari bai wuce saurin raƙumin da ya fi gajiya ba. A bakin rijiya ana bin layi, wasu na jan guga, wasu na cika salka. Da dare ana gadi bi da bi. Wanda ya ga salkarsa tana yoyo ko dabbarsa tana ɗingishi, wajibi ne ya faɗa da wuri, don matsalar da aka ɓoye da safe ita take tsayar da kowa da yamma. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya ware

Babban laifi a ayari shi ne mutum ya bar jama'a ya yi gaban kansa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya isa Kano a 1851, ya kusa rasa ransa a kan haka. A watan Yuli na 1850, kusa da Gat, ya tafi shi kaɗai hawan dutsen Idinen, duk da an gargaɗe shi. Ruwansa ya ƙare, ya ɓace, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jininsa. Wani Buzu ne daga masu nemansa ya same shi ya ba shi ruwa. Ilminsa bai cece shi ba, abokan tafiya ne suka cece shi.

Ayarin zamani

Fataucin raƙuma tsakanin Kano da Tarabulus ya mutu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Amma hanyar ba ta mutu ba. Motoci sun gaje ta, daga Agadas zuwa Dirku da Madama da Gatrun har Sabha, ɗauke da masu neman aiki. Direbobi sun saba tashi daga Agadas a jere ranar Litinin tare da rakiyar soja, don idan mota ta lalace wata ta taimaka. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, sai direbobi da yawa suka koma bin ɓoyayyun hanyoyi su kaɗai. A 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023.

Har yau Bahaushe yakan kira shugaban ƙungiya madugu, ya ce da wanda aka yi aiki mai wuya tare da shi abokin tafiya. Asalin waɗannan kalmomi yana kan wannan hanya da irinta.