Babbar mota a tsakar gida: karatun farko na yaran Assamaka da Arlit

Assamaka gari ne da babbar mota ke ciyarwa. Yana can ƙarshen arewacin Nijar, kilomita 15 daga iyakar Aljeriya, kusan kilomita 200 daga Arlit, a cikin rairayin da ba a noma komai. Taliya da madarar gari da dabino da mai suna gangarowa daga Tamanrasset ta In Gezzam, hatsi da albasa da dabbobi suna haurowa daga kudu, kuma duka a bayan mota suke zuwa. Arlit ma haka take. An kafa ta a 1969 saboda yuraniyom, kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a 1971, kuma shekara da shekaru manyan motoci ne suka riƙa kwasar shi ta Agadas da Tawa, a kan hanyarsa ta zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Yaron da aka haifa a waɗannan garuruwa yana rarrabe kukan tanka da na tirela tun bai iya faɗin sunan kakansa ba. Abin da wannan rubutu ke son iyaye su gane shi ne, wannan sha'awa ta yaro ita ce hanya mafi araha ta koya masa lissafi da magana da riƙon alƙalami kafin ya shiga firamare, amma da sharaɗi biyu: babba ya zauna tare da shi, kuma motar ta zama ta wasa ce a cikin gida, wadda aka ƙera da abin da aka san asalinsa.

Me ya sa nauyin ya faɗo kan gida? Saboda makarantar rainon yara ba ta kai ga mafi yawan ƴaƴanmu ba. A Nijar baki ɗaya, yaran da ke samun shiga irin wannan aji ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Sauran suna faɗawa ajin CI, wato ajin farko na firamare, kai tsaye, suna da shekara shida ko bakwai, a sa su gaban allo da harshen da ba su taɓa ji a gida ba. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A gwajin PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, ɗaliban Nijar da suka kai matakin iya karatu a ƙarshen firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba. An samu ci gaba a gwajin 2019, duk da haka mafi yawansu na ƙasa da matakin. Ana yawan ɗora laifin kan malamai da cunkoson aji, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai wani kaso na matsalar yana faruwa ne tun kafin yaro ya taka ƙofar makaranta, domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta kafin shekara shida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai hujja mai ƙarfi cewa wasa a gida, da kayan da ba a saya ba, yana barin tasiri mai ɗorewa. A 1986 da 1987, masu bincike a Kingston ta ƙasar Jamaika sun ɗauki yara 129 daga unguwannin talakawa, dukansu tsumburarru saboda ƙarancin abinci, masu wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu, ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwaye yadda ake wasa da yaro da yi masa magana, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka sake neman yaran. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Wani zai ce Jamaika daban, yankinmu daban, kuma waɗancan yara sun fi ƴan shekara huɗu ƙanƙanta. Haka ne. Amma abin da ya yi aiki a can ba na'ura ba ce da sai an shigo da ita. Uwa ce da ɗanta da gwangwani da magana, kuma waɗannan akwai su a kowane gida na Arlit da maƙwabciyarta Akokan.

To yaya ake yi? Kwalin taliya ko na madara ya zama jikin mota, a yanko tayu daga tsohon silifa, a tsira su da tsinke, a ɗaura zare a gaba. Wanda ke da laka ya gina ta da laka. Tun a wajen ƙerawa karatu ya fara, in dai babba na tambaya: taya nawa muka sa a wannan gefe? Ɗaya gefen fa, nawa yake buƙata don kada ta karkace? Daga nan sai lodi. A nan ne iyaye da yawa ke yaudarar kansu, domin yaron da ke rera ɗaya zuwa ashirin, ko da Hausa ko da Faransanci, ba lallai ya san lissafi ba. A ce masa ya ɗora duwatsu biyar a mota, sai ya dumbuzo ya zuba. Gane cewa lambar ƙarshe da aka faɗa ita ce yawan abin da aka ƙidaya, wani mataki ne daban da yara ke kaiwa wajen shekara uku da rabi zuwa huɗu, kuma hannu ne ke koyar da shi: ɗauki ɗaya, faɗi ɗaya, ajiye. In ya ƙware, sai a zana hanya a kan rairayi, a sa dutse uku a ce ga Assamaka, ga Arlit, ga Agadas. Mota ta tashi da buhu shida, an sauke biyu a Arlit, nawa suka isa Agadas? Yaron da ya amsa wannan da yatsunsa ya yi ɗebewa shekara biyu kafin malam ya rubuta ta a allo. Haka ma ware kaya, manya gefe guda, ƙanana gefe guda, ja da ja, baƙi da baƙi. Da auna nauyi, a cika gwangwani ɗaya da yashi, ɗaya da tsumma, ya ɗaga ya faɗi wanda zai sa mota ta kafe.

Magana ta ma fi lissafi muhimmanci, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. In yara uku ko huɗu suka raba aiki, wannan direba, wannan karen mota, wannan mai kaya, wancan ɗan duwan a bakin shinge, dole su yi ciniki, su jira layi, su bi ƙa'idar da suka kafa da kansu. Yaron da ya iya jiran a ɗaga masa igiya ya fara koyon zama a aji. Da yamma a ce wa direban ya ba da labarin tafiyarsa: daga ina ya tashi, me ya fara faruwa, sai kuma me, ina ya kwana. Jera labari daga farko zuwa ƙarshe shi ne tushen fahimtar karatu. A yi shi da harshen da uwa ta fi sakewa a ciki, Hausa ce ko Tamashek ko Larabci, don yaron da ya cika bakinsa da kalmomi a harshe ɗaya ya fi saurin kama na biyu. Rubutu kuwa, zana taya da yatsa a ƙasa shi ne da'irar da zai buƙata ga harafi, jikin mota kuma miƙaƙƙen layi ne. Lambar mota ma darasi ce: ta Aljeriya alƙaluma ne zalla, kuma 11 a ƙarshe na nufin Tamanrasset. Uba ya kwafo ta a takarda, a zo gida a kwaikwaya.

Yanzu ga gargaɗin, wanda ya shafi wannan yanki fiye da Maradi ko Kano. Yaranmu sun saba ƙera mota da waya da guntun ƙarfe da suka tsinto a bola ko wajen masu gwangwan. A Arlit da Akokan wannan al'ada na da haɗarin da ido ba ya gani. Tun a Disamba 2003 cibiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit, ta gano ƙarafan da suka fito daga ma'adinai ɗauke da burbushin yuraniyom ana sayar da su a gari. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wasu ƙarafa a kasuwar Arlit ta samu tururinsu ya kai ninki 50 na abin da aka saba, a wani wuri kan titin Akokan kuma har ninki 500. Kamfanin Areva mai haƙar yuraniyom ɗin, wanda ya koma Orano a 2018, ya yi aikin kwashewa bayan haka, kuma ya sha musanta girman illar. Ko ma wane ɓangare mutum ya gaskata, mahaƙar yuraniyom ta COMINAK da ke Akokan ta rufe ranar 31 ga Maris 2021 ta bar tarin sharar da aka ƙiyasta ta kai tan miliyan 20, kuma babu uwar da ke da na'urar awo a ɗakinta. Ƙarfen da ya gurɓata ba ya wari, ba ya zafi, kamanninsa ɗaya da mai tsabta. Yaro kuwa yana rungume motarsa yini guda, ya kai hannu baki, wani lokaci ya kwana da ita. Don haka ƙa'idar mai sauƙi ce: duk ƙarfe ko bututu ko tsumman tacewa da ba a san inda ya fito ba, kada ya zama abin wasa. Haka dutse ko yashin da aka ɗebo kusa da tarin sharar ma'adinai.

Tsohon batirin mota ma ba abin wasa ba ne, domin dalma ke cikinsa. Jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa ta yadda ba ta komawa daidai. A Zamfara, a 2010, yara aƙalla 400 suka mutu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje; tun da aka fara haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, ya kamata gidajen yankin Agadas su riƙe wannan a zuci. Jarka ko gorar da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari kada a mai da ita tankar wasa. Yaron da bai kai shekara uku ba, a nisanta shi da murfin kwalba da ƙwallon dabino da ƙaramin batiri mai kama da maɓalli, saboda shaƙewa. Gwangwanin kifi kuma a dandaƙe bakinsa. Sai ita kanta motar gaskiya: direban da ke zaune can sama ba ya ganin ɗan shekara huɗu da ke tsaye gaban hancinta ko bayanta, kuma inuwar ƙarƙashinta tana jan yara a lokacin zafi. Kallon mota sai daga nesa, hannu cikin hannun babba.

Akwai masu cewa wasa ba karatu ba ne, makarantar allo ta wadatar. Babu mai neman a rage wa allo lokaci. Hasali ma yaron da hannunsa ya saba da zane, kuma ya koyi zama da sauraro, ya fi saurin kama baƙi da wasali. Akwai masu cewa uwar da ba ta yi boko ba me za ta koyar. Matar da ke ƙidaya canji a kasuwa, take raba tiya ɗaya ga baki takwas, ta san duk lissafin da ɗan shekara biyar ke buƙata, kuma minti goma sha biyar tsakanin la'asar da magariba sun isa. In ita ba ta samu sarari ba, akwai kaka, akwai yaya, akwai uban da ke zaman jiran lodi kwana da kwanaki. Wasu kuma suna tsoron kada yaro ya tashi ba shi da buri sai zama karen mota. Wannan tsoro ya juya lamarin ne. Yaron da ya kasa karatu a azuzuwa biyu na farko, CI da CP, shi ne ya fi kusa da barin aji ya bi tasha. Kuma a sa ƴan mata a ciki. Lissafi bai san namiji da mace ba, al'ada ce kawai ke miƙa wa yarinya ƴar tsana ta hana ta mota.

Hujjar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce ta waya: ai ga bidiyon motoci masu waƙa, yana koya masa launi da lamba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a sa yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, ƙasa da haka ya fi. Bidiyo ba ya jiran amsar yaro, ba ya gyara masa in ya ƙidaya dutse ɗaya sau biyu.

Akwai wata hujja da ba a cika furtawa ba, kuma ta cancanci girmamawa. A wannan hanya babbar mota ba abin dariya ba ce ga kowa. A Oktoba 2013 mutum 92, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, suka mutu da ƙishirwa tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Har yau a bayan manyan motoci ake sauke dubban mutanen da Aljeriya ke korowa Assamaka duk shekara, da ƙananan yara a cikinsu. Yaron da ya yi irin wannan tafiya yana iya maimaita ta a wasa, ya loda duwatsu ya ce mutane ne, ya ce ruwa ya ƙare. Kada a tsawata masa, kada kuma a tilasta masa wasan in ya ƙi. A saurare shi, a taimaka masa ya kai motar gida lafiya. In tsoro ko firgitar dare suka ci gaba, a kai shi wajen likita.

Kira ga iyaye, da malaman unguwa, da ƙungiyoyin mata na Assamaka da Arlit da Akokan: ku duba kayan wasan da ke hannun ƴaƴanku yau. Duk ƙarfen da ba ku san asalinsa ba ku raba su da shi, ku ba su kwali da tsohon silifa, sannan ku zauna ku tambaye su taya nawa motar take da su.