Ko Kun Sani?

Caja tana iya kashe batirin da aka jona ta don ta raya shi. Jif ɗin sojan Amurka ƙirar Willys MB ta Yaƙin Duniya na Biyu, mai volt 6, takan yi watanni a gareji yau, batirinta yana tsiyayewa. Tsohuwar caja kuwa ba ta san batir ya ƙoshi ba. Idan aka bar ta a jone, sai ruwansa ya dinga ƙafewa, yana fitar da iskar haidurojin, wadda kashi 4 cikin ɗari a iska ya isa ta kama da wuta. Shi ya sa masu motocin ke sa wa cajar agogon yanke wuta. Za a ce agogo ba ya auna batir. Gaskiya ne, amma gajeren caji kullum yakan mayar da abin da ya tsiyaye ba tare da ƙona farantan cikin batirin ba.