Yadda ake karanta jadawalin layi ba tare da ya ruɗi mutum ba

A kowane wata Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, kan fitar da rahoton hauhawar farashin kayayyaki, sannan bankuna da ma'aikatu da kafofin watsa labarai su mayar da alƙaluman zuwa zane mai layi da ke hawa yana sauka. Wannan zane shi ake kira jadawalin layi, kuma aikinsa shi ne nuna yadda abu ke sauyawa tare da tafiyar lokaci.

A ƙasan zanen akwai layin kwance mai ɗauke da kwanaki ko watanni ko shekaru, daga hagu zuwa dama. A gefen hagu kuma akwai layin tsaye mai ɗauke da adadi. Kowane lokaci yana samun ɗigo guda a daidai adadinsa, sai a haɗa ɗige-ɗigen da layi. Wani injiniya ɗan Birtaniya, William Playfair, ya yi amfani da wannan salo tun a shekarar 1786 wajen nuna kayan da Ingila ke shigarwa da waɗanda take fitarwa.

A yau manhajoji irin su Microsoft Excel da Google Sheets da Power BI da Tableau suna zana shi cikin daƙiƙoƙi. Ana jera ranaku a gurbi ɗaya, alƙaluma a gurbi na kusa, sannan a zaɓi jadawalin layi. Wajibi ne manhajar ta gane ranakun a matsayin kwanan wata, domin idan ta ɗauke su a matsayin rubutu kawai, za ta ba su tazara iri ɗaya ko da an tsallake wasu watanni. Idan kuma babu adadin wani wata, Excel na ba da zaɓi uku: a bar giɓi, a ɗauke shi a matsayin sifili, ko a haɗa layin. Zaɓin sifili kan nuna faɗuwar da ba ta auku ba.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya duba shi ne inda layin tsaye ya faro. Manhaja kan zaɓi mafarin da kanta, kuma idan ta faro daga 30 maimakon sifili, ƙarin kashi ɗaya kacal sai ya yi kama da hawan dutse.

Na biyu shi ne abin da ake aunawa. Saukar layin hauhawar farashi ba ta nufin kaya sun yi sauƙi. Misali, idan abin naira 1,000 ya tashi da kashi 30 cikin 100, ya koma 1,300. Idan a shekara ta gaba ya tashi da kashi 20, ya koma 1,560. Layin ya sauka daga 30 zuwa 20, amma mai saye ya ƙara biyan naira 260.

Na uku shi ne ko an sauya ma'auni a tsakiyar tafiya. A watan Disambar 2024 NBS ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80, sannan ta ce ta watan Janairun 2025 kashi 24.48 ce. Tsakanin rahotannin biyu hukumar ta sabunta tsarin lissafinta, ta mayar da shekarar da ake kwatance da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sake fasalin jerin kayayyakin da take bibiya. Wanda ya haɗa waɗannan ɗige-ɗige biyu da layi ɗaya zai nuna faɗuwar fiye da maki 10 cikin wata guda, alhali da mudu biyu daban aka yi awon. Abin da ya dace shi ne a yanke layin a wurin, a rubuta dalili a ƙarƙashinsa.

Don haka, kafin ɗan kasuwa ko ma'aikaci ko ɗan jarida ya gina hukunci a kan irin wannan zane, ya fara karanta taken jadawalin, da lambobin da ke gefensa, da sunan hukumar da ta tattara alƙaluman.